Tsaron Lafiyar Ma'aikata a Kan Motar Feshin Iri: Abin Lura Ga Masu Aikin Raya Ƙasa a Safana da Batsari

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu yi bayani ne a kan wata na'ura da ake ɗora wa babbar mota, wadda ke gauraya irin ciyawa da ruwa da taki, ta fesa su a kan ƙasar da ta tsiraita domin ta sake yin tufafi. Don sauƙin magana za mu riƙa kiranta motar feshin iri. Ba za mu tsaya a kan amfaninta ga ƙasa ba sai gwargwadon bukata. Abin da ya dame mu shi ne mutanen da ke aiki a kanta, watau direba da mai feshi da leburan da ke ɗora kaya da jan mesa.

Ra'ayin da muke son kafawa shi ne, lafiyar waɗannan mutane ta rataya ne ga yadda aka tsara aikin tun kafin a tayar da inji. Hular kwano da safar hannu suna da nasu amfani, amma su ne na ƙarshe a cikin jerin matakan tsaro. Mun zaɓi ƙasar Safana da Batsari don mu ɗora bayanin a kanta, saboda a can akwai ƙasa mai bukatar gyara, akwai kuma dukkan abubuwan da kan sa aikin ya yi wuya: hanyoyi marasa kyau, da zafin bazara, da ƙarancin ruwa, da nisa daga manyan asibitoci.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Safana da Batsari ƙananan hukumomi ne a yammacin Jihar Katsina, suna iyaka da Jihar Zamfara. Hakimin Safana shi ne Yariman Katsina, na Batsari kuwa Sarkin Ruma. Ta yammacinsu Dajin Rugu ya shimfiɗe, kuma a nan ne makiyayar nan ta Ruma da Kukar Jangarai take, wadda aka fi sani da Runka. Tun a shekarun 1960 Gwamnatin Jihar Arewa ta mai da hankali ga wannan makiyaya, a zamanin da aka kafa Dokar Keɓe Wuraren Kiwo ta 1965. Ƙasar tana da jigawa da fako da duwatsu, ga rafuka masu cika da damina su ƙafe da rani. Inda sara da yawan kiwo suka kware ƙasa, ruwan farkon damina kan zo ya yanka kwazazzabai, ya ci gefen hanya da bakin kwalbati.

Yunƙurin mayar wa ƙasar Katsina tufafinta ba sabon abu ba ne. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun farkar da hukumomi. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara wani babban shirin dashen itatuwa da taimakon Tarayyar Tattalin Arzikin Turai. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, a 2015 kuma Nijeriya ta yi dokar kafa hukumar da ke gudanar da shi, Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Birnin Tarayya.

Hanyar da ma'aikatanmu suka saba da ita a irin waɗannan ayyuka ita ce renon dashe a leda, a kai shi fili, a dasa, a bi shi da tankar ruwa. Wannan hanya ta dace da bedi da bagaruwa da turare. Ba ta dace da gangaren madatsar ruwa ko kafaɗar sabuwar hanya ko bakin kwazazzabo ba, inda ake bukatar ciyawa ta rufe ƙasa da sauri, kuma duk irin da aka watsa da hannu iska ko ruwa zai kwashe shi. A irin waɗannan wurare ne injiniyoyi a ƙasashe da yawa suke amfani da motar feshin iri. Ga yawancin ma'aikatanmu ita baƙuwa ce, amma rabin jikinta tankar ruwa ce, wadda kowa ya sani. Saboda haka akasarin abin da za mu faɗa a nan ya shafi masu aiki da tankar ban-ruwa a yau, kamar yadda zai shafi wanda za a ɗora a kan motar feshin gobe.

3.0 Na'urar da Yadda Take Aiki

A Amurka aka ƙago wannan na'ura. Wani mutum mai suna Charles Finn na Jihar Ohayo shi ne ya fito da ta farko da aka sa a kasuwa a 1953, aka yi amfani da ita wajen shuka ciyawa a gefen wata babbar hanya a Jihar Bajiniya ta Yamma. Tun daga lokacin siffarta ba ta sake ƙwarai ba.

Sassanta biyar ne. Na farko tanki, wanda a manyan motoci yakan ci lita 10,000 ko fiye. Na biyu wani dogon ƙarfe da ya ratsa cikin tankin, mai ɗauke da fikafikai kamar farfela, yana juyawa yana dama abin da ke ciki kamar yadda muciya ke tuƙa tuwo. Na uku famfo mai inji na kansa, wanda ba ruwansa da injin motar. Na huɗu dandamali a bisa tankin, inda bakin zuba kaya yake, da wani bututu mai juyawa kamar igwa, wanda a manyan na'urori yakan jefa ruwa fiye da mita 50. Na biyar doguwar mesa don wuraren da igwar ba ta kaiwa.

Abin da ake damawa kuwa shi ne ruwa da iri da takin zamani da wata dusa ta itace ko ta takarda, sai wani gari mai yauƙi wanda ke manne kome da ƙasa kamar ƙaro, da kuma koren launi don mai feshi ya ga inda ya wuce. A ƙasarmu irin da zai dace shi ne na ciyayin da makiyaya suka sani, kamar gamba da kyasuwa.

Bari mu yi ɗan lissafi, don shi ne zai nuna nauyin aikin. A ƙa'idar da aka saba, ana zuba kimanin kilo 6 na dusa a kowace lita 100 ta ruwa, kuma hekta guda kan ci wajen kilo 1,700. Ke nan hekta guda tana bukatar kimanin lita 28,000, watau sawu uku na tanki mai cin lita 10,000. Dusar tana zuwa ne a ɗaure, kowane ɗauri kimanin kilo 23. A kowane sawu sai an ɗaga wajen ɗauri 26 daga ƙasa zuwa dandamali mai tsawon kusan mita 3, an kwance su, an zuba a baki ɗaya da farfela ke juyawa a ƙarƙashinsa. Wanda ya riƙe wannan hoto a zuciyarsa ya riga ya hango rabin haɗurran da za mu lissafa.

4.0 Haɗurran da ke Cikin Aikin

4.1 Faɗowa Daga Dandamali

Wannan na'ura tana cikin 'yan kaɗan da aka ƙera don mutum ya yi aiki a kanta a tsaye alhali mota tana tafiya. Hannuwan mai feshi suna kan igwa, idonsa yana kan gangaren da yake fesawa, ba ya ganin ramin da ke gaban taya. Direba kuwa yana cikin kan mota, ba ya ganin mai feshi, kuma ƙarar injin famfo ta hana su jin juna. Daɗin daɗawa, garin nan mai yauƙi idan ya zuba a kan ƙarfe ya jiƙe, santsinsa ya fi na kuɓewa.

Wanda ya faɗo daga mita 3 yakan isa ƙasa da gudun da ya kai kusan kilomita 28 a awa, ko da motar a tsaye take. In ya faɗo ta baya ko ta gefe alhali ana tafiya, ga tayoyin baya suna jiransa. Maganin wannan a jikin na'urar yake: shingen ƙarfe kewaye da dandamali mai tsawon kimanin santimita 107, da sanda a tsakiya, da ɗan dakali a ƙasa don kada ƙafa ta zame ta fita, da ƙofar shinge mai rufe kanta a bakin tsani. Kuma mutum ɗaya tak ya kamata ya kasance a sama lokacin feshi, mota tana tafiya da giya ta ɗaya, kamar tafiyar mutum a ƙasa. Da zarar an gama feshi za a koma ɗebo ruwa, sai kowa ya sauko ya shiga kan mota.

A nan ne al'adarmu take karo da ƙa'ida. Mun saba ganin yaran mota a bisa lodi, da fasinjoji a kan buhuna ranar kasuwar Batsari, har abin ya zama ba ya ɗaga wa kowa hankali. Idan ma'aikata shida ne, kujerun kan mota kuwa uku, ba sai an faɗa ba, sauran ukun bisa tanki za su hau. Laifin a nan na wanda ya tura mutum shida da mota ɗaya ne. Wajibi ne a cikin kuɗin kwangila a sa motar ɗaukar ma'aikata dabam.

4.2 Kifewar Mota

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 10,000 yana ɗauke da tan 10, kuma nauyin a sama yake, nesa da ƙasa. Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tanki mai rabi ya fi cikakke haɗari. Cikakken tanki ruwansa ba shi da wurin gudu. Mai rabi kuwa, in an sha kwana sai tan 5 su ruga gefe ɗaya gaba ɗaya, in an taka birki su doki gaba, su tura motar bayan ta riga ta tsaya. Motar feshi kuwa rabin aikinta da tanki mai raguwa take yinsa. Ƙarfin da ke neman kifar da mota a kwana yana ƙaruwa ne fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: in aka ninka gudu sau biyu, shi sai ya ninku sau huɗu.

Har ila yau, inda ake bukatar feshi shi ne inda ƙasa ba ta da amana. Bakin kwazazzabo yakan yi kyau a ido alhali ruwa ya rarake ƙarƙashinsa. Sabon cikon gefen hanya bai gama zama ba. Saboda haka kafin mota ta shiga fili, shugaban aiki da direba su taka hanyar da ƙafa, su kafa turaku inda taya ba za ta ƙetare ba. Inda ƙasa ta yi shakka, mota ta tsaya nesa a ja mesa, ko da aikin zai daɗe. Idan mota ta tsaya a gangare a sa mata waigi, kamar yadda tsofaffin direbobin lori suka saba.

Akwai kuma abin da ya kamata a ja kunne a kansa tun yanzu. Maƙeranmu da masu walda suna da basira, kuma ba wuya su ɗora tanki da famfo a kan tsohuwar tifa su ce ga motar feshi. Wannan ba laifi ba ne in injiniya ya auna nauyin da gindin motar da birkinta da tayoyinta za su iya ɗauka, ya kuma duba yadda za a rage gudun ruwa a cikin tankin. In ba a yi haka ba, arahar da aka samu a wurin walda a asibiti za a biya ta.

4.3 Farfela da Cikin Tanki

Bakin zuba kaya yana da raga ta ƙarfe wadda ke hana hannu ko ƙafa kaiwa ga farfela. Da yake ragar tana rage saurin zuba dusa, ma'aikata masu gaggawa sukan so su cire ta. Farfelar da ke iya dama tan 10 na kunun dusa ba za ta ji hannun mutum ba. Igiyar ɗauri ko leda in ta faɗa ciki, kada kowa ya miƙa hannu ya kamo ta. Haka kuma babbar riga da rawani mai jela da hannun riga mai faɗi ba su da wuri kusa da bel da sarƙa da duk wani ƙarfe mai juyawa. Wannan ba raini ba ne ga suturarmu, kowane aiki da tufafinsa, manomi ma ba ya shiga gona da malum-malum.

Idan na'ura ta toshe ko za a yi mata gyara, ka'idar ita ce a kashe inji, a zare makulli, mai gyaran ya sa shi cikin aljihunsa, a cire kan batir, a rataya alama. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa irin wannan haɗari yakan faru ne lokacin da wani ya tayar da inji da kyakkyawar niyya, bai san ɗan'uwansa yana ciki ba. A Amurka tun 1989 aka mai da wannan ƙa'ida ta kulle inji doka a masana'antu.

Shiga cikin tanki kuwa wani babi ne dabam. Ragowar dusa da iri da taki in suka kwana cikin zafi sukan ruɓe, su cinye iskar da ake shaƙa, wani lokaci su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa takan kashe jin wari kafin ta kashe mutum. Iskar da ke raya mu kashi 21 ce cikin 100 na iskar duniya, in ta gaza kashi 19.5 wurin bai dace a shiga ba. Masu yasar rijiya a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan, sun kuma san cewa sau da yawa wanda ya faɗa don ceto shi ma ba ya fitowa. To, tanki rijiya ce ta ƙarfe. A wanke shi daga waje da ruwa kowace yamma. In shiga ta zama dole, sai an buɗe shi ya sha iska, an auna iskar da ma'auni, an ɗaura wa mai shiga igiya, wani kuma ya tsaya a baki ba ya gusawa. Kada a gwada iskar tanki da wutar fitila ko ashana.

4.4 Mesa da Wayar Lantarki

Mesa mai cike da ruwan dusa tana da nauyi, kuma in mahaɗinta ya kuɓuce alhali famfo yana aiki, takan yi bulala da ƙarfin da zai karya haƙarƙari ko ya fasa ido. In ta toshe, ƙarfin ruwan yana nan a ɗaure a cikinta ko bayan an kashe inji. Kafin a kwance kowane mahaɗi sai an buɗe bawul an sauke wannan ƙarfi, kuma kada wanda ya leƙa bakin mesa ko ya nuna ta ga ɗan'uwansa da sunan wasa.

Ita kuwa igwa, haɗarinta wayar lantarki. Layukan da ke bin gefen hanyoyinmu zuwa garuruwa masu ƙarfin bolt 11,000 ne ko 33,000, kuma ba su da rufi. Ruwa mai taki a ciki ya fi ruwan sha ɗaukar wuta. Mai feshi yana tsaye mita 3 bisa ƙasa, a kan ƙarfe jiƙaƙƙe, riƙe da bututun ƙarfe. Ƙa'idar da ake bi a wurare da yawa ita ce kada mutum ko na'ura su kusanci irin wannan waya da ƙasa da mita 3, ruwan feshi kuwa kada ya doshe ta sam. Kada kuma a dogara da cewa ai ba wuta, domin mai kawo ta ba ya sallama.

4.5 Cututtukan da ke Zuwa a Hankali

Lokacin da ya dace a fesa iri shi ne gab da faɗuwar damina, kamar yadda manomi ke yin binne. Wannan kuwa ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafi a ƙasar Katsina yakan haura digiri 40. Mutumin da ke ɗaga ɗauri 26 a kowane sawu cikin wannan rana yana iya yanke jiki. Alamunsa su ne ciwon kai da jiri da amai da ruɗewar magana. Wanda ya fara ruɗewa a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a garzaya da shi asibiti. A tsara aiki daga asuba zuwa hantsi, a huta, a koma da la'asar. A tanadi ruwan sha mai tsabta dabam, don kada ƙishirwa ta sa wani ya sha na tanki. Idan aikin ya faɗo cikin watan azumi, sai a ƙara rage sa'o'insa.

Ƙarar inji ma cuta ce, ko da yake ba ta zub da jini. Masana sun sa iyaka a ma'aunin ƙara 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin 3 a kan haka yana rage lokacin da rabi. Gwaji mai sauƙi shi ne, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai kamu ɗaya ya ji ka, to ana bukatar abin toshe kunne. Ƙurar dusa da ta taki suna bukatar abin rufe hanci da tabarau. Irin da aka gauraya da maganin ƙwari kuwa guba ne, a taɓa shi da safar hannu, a wanke hannu kafin cin abinci ko goro.

Wurin ɗibar ruwa shi ma yana da nasa. Da bazara ruwa ya ja baya a madatsu da tafkuna, sai mota ta gangara kan laka, lebura kuma ya shiga ruwa har gwiwa ya kafa mesa. A irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya, ta hanyar fata. Dogon takalmin roba da mesa mai tsawo sun isa su raba shi da ita. Takalmin nan kuma shi ne garkuwarsa daga kububuwa a cikin duwatsu da ciyawa.

5.0 Tsarin Aiki

Masana tsaron ma'aikata sun jera matakai bisa ga ƙarfinsu. Na farko a kawar da haɗarin ɗungum, alal misali a yi feshi daga ƙasa da mesa inda hawa dandamali ba dole ba ne. Na biyu a sa shamaki tsakanin mutum da haɗari, kamar shinge da raga. Na uku a tsara aiki da horo. Na ƙarshe shi ne kayan sawa a jiki. Abin takaici, mu daga ƙarshen muke farawa, domin hular kwano ita ce ke fitowa a hoto ranar buɗe aiki.

A cikin tsarin aiki babu abin da ya kai sadarwa tsakanin direba da mai feshi. Direbobinmu da yaransu suna da tsohuwar hanya, watau dukan bodi: bugu ɗaya tsaya, bugu biyu mu je. Wannan ba ta wadatarwa a nan saboda ƙarar famfo. Ana bukatar maɓallin oda a dandamali wanda ke ƙara a cikin kan mota, da alamu uku ko huɗu da kowa ya haddace, da kuma mutum na uku a ƙasa wanda ke ganin su duka biyu. Shi ne zai tsare yara, domin ba abin da ke tara yaran ƙauye kamar mota mai fesa koren ruwa, shi ne kuma zai lura da garken shanu in an zo kusa da burtali. Ƙa'ida guda ta fi sauran: in direba ya daina ganin mutumin ƙasa a madubi, ya tsaya.

Sa'an nan dole a ba kowane ma'aikaci, kome ƙanƙantarsa, ikon tsai da aiki. A al'adarmu yaro ba ya ce wa maigidansa a'a, lebura kuma yana tsoron kada gobe a ce ba a bukatarsa. In shugaban aiki bai furta da bakinsa a gaban kowa cewa wanda ya ga haɗari ya yi magana ba abin da zai same shi ba, to ba mai magana. Horon kuma a yi shi da Hausa, a jikin motar, a rubuta gargaɗin da ke jikinta da boko da ajami tare da zane, domin takardar da ta zo da na'urar da Turanci take, kuma a ofis takan kwana.

Ba za mu rufe wannan sashe ba sai mun ambaci abin da kowa ya sani. Tun daga shekarun 2010 ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu suka sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane. Tsaron ma'aikaci a wannan yanki ya haɗa da shawartar hakimai da dagatai da jami'an tsaro kafin a shiga kowane fili, da barin fili da sauran rana, da kuma yarda cewa wani wurin sai a jinkirta shi. Haka nan, tun kafin a fara aiki a san asibitin da za a nufa, ko Batsari ko Dutsin-ma, a san cewa mummunar karaya tana iya kaiwa ga Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a kuma ajiye ƙaramar mota a fili don wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Matsayin Doka

Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi tanadi a kan rufe sassan inji masu haɗari da shiga wurare masu ƙuncin iska, amma an tsara ta ne da masana'anta mai bango da ƙofa a zuci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, idonta yana kan titi. Mai feshi kuwa yana aiki ne a kan inji, a bisa mota, a cikin daji, inda sufeton masana'antu da jami'in hanya duk ba safai suke zuwa ba. Nijeriya ta amince a 1994 da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin tsare lafiyar ma'aikaci, ta kuma kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da ya ga yana barazana ga ransa.

Dokar da ta fi kusa da leburanmu ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ta shafi ma'aikaci na dindindin da na wucin gadi da ɗan koyo da mai aikin yini. Ta wajabta wa mai ba da aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, zai sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Sai dai hakkin da mai shi bai san da shi ba, kuma sunansa ba ya cikin kowace takarda, da wuya ya karɓe shi. Leburan da aka ɗauka da baki a bakin tasha, in ya karye, abin da yakan samu shi ne kuɗin ɗori da "Allah ya kiyaye gaba."

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa haɗurran motar feshin iri sanannu ne, ana iya lissafa su, kuma kowanne yana da magani. Hausawa kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ragar da aka cire da gangan da mutum shida da aka tura da kujera uku ba tsautsayi ba ne, shawara ce da wani ya yanke a ofis ko a fili.

Da yake hukumomin gwamnati da masu ba da rance su ne ke ba da irin wannan aiki, makamin gyara yana hannunsu, watau takardar kwangila. Muna ba da shawara kada a biya ɗan kwangila kuɗin somin aiki sai ya nuna abubuwa biyar: na'ura mai shinge da raga da oda waɗanda injiniya ya duba, motar ɗaukar ma'aikata dabam, sunayen dukkan ma'aikata har da na yini, da shaidar biyan kuɗin asusun diyya, shaidar horo da Hausa, da rubutaccen shiri na kai majinyaci asibiti. Muna kuma ba da shawara a fara aiki da waɗannan sharuɗɗa tun yau a kan tankokin ban-ruwa da ke hannu, a kuma riƙa rubuta kowane haɗari da kowane tsallake rijiya da baya, domin malaman jami'o'i da kwalejojin fasaha na Katsina da Dutsin-ma su sami abin nazari. In an yi haka, ranar da motar feshin ta iso gefen Runka ko gangaren Ruma, za ta tarar da ma'aikatan da suka riga suka san hawa da sauka.